Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Rajistar Kamfani Daban, Rajistar Suna Daban

Yau zan taɓo maganar da yawancinmu ba ma waiwayarta sai ran da ta ɓaci, wato maganar sunan da muke sayar da kaya da shi, da tambarin da muke mannawa a kwalba ko kwali ko buhu.

Alhamdulillahi, yanzu mutanenmu sun waye da rajistar kamfani. Na Najeriya ya je hukumar CAC, na Nijar ko Kamaru ko nan Chadi ya karɓi lambar RCCM, an buga hatimi, an sa takarda a gilashi an rataye a shago. Daga nan sai hankali ya kwanta, mutum ya ɗauka ai suna ya zama nasa har abada. To a nan gizo ke saƙar. Wannan takarda shaida ce cewa kamfaninka yana nan, gwamnati ta san da shi, zai buɗe asusun banki, zai biya haraji, zai nemi kwangila. Amma sunan da ke jikin kwalbar humrarki, Hajiya, ko zanen raƙumin da ke jikin buhun shinkafarka, Alhaji, wannan wata ƙofa ce daban, ofishinta daban, takardarta daban.

Abin da Gaoui ta koya mini

Duk wanda ya zauna Ndjamena ya san Gaoui, ƙauyen Kotoko da ke wajen kilomita 10 arewa maso gabas da birnin. Mutanen wurin suna danganta kansu da Sao, mutanen dā masu manyan tuluna. Tsohuwar fadar sarkinsu ta ƙasa yanzu gidan tarihi ce, matan garin kuma an san su da ginin tukwane da yi wa bangon gidaje ado. Randar Gaoui tana shiga gidajen Ndjamena, baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoton bangon. Sai dai ka juya tukunyar ka duba gindinta, da wuya ka ga alamar da za ta ce maka hannun wance ne ya gina. Gobe wani ya kawo tukunya daga wani gari ya ce ta Gaoui ce, mai saye ba shi da abin da zai rarrabe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wata Gaoui ta biyu da ta fi shafarmu mu fatake. Lokacin da rikicin Afirka ta Tsakiya ya yi ƙamari a ƙarshen 2013 da farkon 2014, gwamnatin Chadi ta yi ta kwaso mutane daga Bangui, aka sauke dubbai a wani sansani a Gaoui. Da yawansu 'yan kasuwa ne, wasu a can aka haife su, ba su taɓa taka Chadi ba sai ran nan. Shago ya tafi, kaya sun tafi, littafin bashi ya tafi. Takardar rajistar kasuwancin da mutum ya yi a Bangui ba za ta buɗe masa shago a Ndjamena ba, sai ya sake sabuwa. Amma akwai dukiya guda da wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya ɗauka, kuma tana ƙetare wannan iyaka ba tare da an biya ko sisi ba: alamar kasuwancin da aka yi wa rajista. Wanda ya yi wa tambarinsa rajista yana Bangui, ranar da ya sauka Gaoui da rigar jikinsa kaɗai, tambarin nan nasa ne a Chadi kamar yadda yake nasa a can. Ga kuma abin mamaki, yarjejeniyar da ta ba da wannan kariya sunan garin da suka baro take ɗauke da shi.

Takarda ɗaya, ƙasa 17

Ana kiranta Yarjejeniyar Bangui. An sa mata hannu ranar 2 ga Maris 1977, aka yi mata gyara a 1999, aka sake yi mata wani a Bamako a Disamba 2015. Ita ta kafa hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Ƙasashe 17 ne a ciki: Chadi, Nijar, Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa, Gini, Gini Bisau, Muritaniya, Gabon, Kongo Barazabil, Ikwatoriyal Gini da tsibiran Komoros. Ku sake karanta jerin nan da idon bafatake. Kusan duk zangon da Bahaushe ke sauke kaya a ƙasashen renon Faransa yana ciki. Waɗannan ƙasashe ba su da ofishin rajistar tambari na kansu ɗai-ɗai. Rajista ɗaya ake yi a OAPI, ta yi aiki daga Maraɗi har Duwala, daga Abeche har Dakar.

Ba sai ka je Yawunde da ƙafarka ba. Kowace ƙasa tana da ofishin da ke haɗa ta da hukumar, galibi a ma'aikatar kasuwanci ko ta masana'antu, akwai kuma wakilai da hukumar ta amince da su. Za ka kai hoton tambarin, da sunan mai shi, da jerin kayan da kake so ya rufe. An kasa kaya da ayyuka rukuni 45, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Turare da man shafawa da sabulu suna rukuni na 3. Tukwane da kayan kicin na 21. Atamfa da shadda na 24, ɗinkakkun tufafi na 25. Kilishi da man gyaɗa na 29, shayi da shinkafa da yaji na 30. Kuɗin da za ka biya yana tafiya da yawan rukunin da ka zaɓa, don haka ka zaɓi abin da kake sayarwa da wanda kake shirin shiga nan kusa, kada ka ce sai ka kwashe duka.

Bayan an karɓa, hukumar za ta buga buƙatar a mujallarta, a ba da wata 3 ga duk mai ƙorafi. In ba wanda ya yi magana kuma komai ya cika, sai a ba ka takardar shaida. Tana aiki shekara 10, ana sabuntawa duk bayan shekara 10 iya rayuwar kamfanin. Amma in ka yi rajista ka ajiye, shekara 5 cur ba ka yi amfani da tambarin ba, wani zai iya zuwa kotu ya nemi a soke.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. A tsarin OAPI, wanda ya riga kai takarda shi ne mai tambari. Ba a tambayar wa ya daɗe a kasuwa. Gaskiya ne doka ta bar wata 'yar ƙofa ga wanda ya riga amfani da sunan, in zai iya nuna cewa wancan ya san da shi ya yi masa shigar sauri. Amma ƙofar ƙanƙanuwa ce, lokacinta gajere, kuma hujja a rubuce take so. Wa ke karanta mujallar Yawunde a cikinmu balle ya ga an buga sunansa? A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Na san wata baiwar Allah a nan Ndjamena da ta shekara fiye da goma tana haɗa humra da turaren wuta da sunan 'yarta ta fari. Kayanta har Maiduguri da Kano. Tana da kamfani, tana da RCCM, tana biyan haraji. Wanda ke raba mata kaya a ƙetaren gada, a Kusiri, suka sami saɓani kan lissafi suka rabu. Ba a yi wata shida ba sai ga kwalabe da sunan nan, da launin nan, a hannunsa, ƙamshin kuwa ba a magana. Ta ɗauko takardar kamfani ta kai wa lauya. Tambayar farko da ya yi mata: "Hajiya, ina ta OAPI?" Babu. Shari'a ba ta gagara ba, amma ta zama doguwa mai cin kuɗi, kuma kafin a kai ko'ina matan da suka sayi jabun sun riga sun ce kayan Hajiya sun lalace.

Wanda ke da takardar kuwa, hanyarsa a share take. Zai iya neman umarnin kotu, ma'aikacin kotu ya je ya ƙirga jabun ko ya kama su, sannan a shigar da ƙara cikin 'yan kwanaki. Zai iya kai kokensa ga kwastan su tsare kayan a bakin iyaka. Sau da yawa ma wasiƙar lauya ɗaya mai ɗauke da lambar rajista ta isa mai kwaikwayo ya canja suna.

Najeriya fa?

Najeriya ba ta cikin OAPI. Haka Gana, haka Sudan, haka Libiya. Motar da ta taso daga Maiduguri ta bi Gamboru, ta ƙetara Fotokol, ta zo Kusiri ta hau gadar Ngeli, ta ratsa dokoki iri biyu. Takardar Yawunde ba ta da ƙarfi a Kantin Kwari, ta Abuja ba ta da ƙarfi a kasuwar Dembe. Mai kasuwa a ɓangarorin biyu rajista biyu ta kama shi.

A Najeriya ofishin rajistar tambari yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya a Abuja, ba CAC ba. Dokar ta 1965 ce. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14. Masu abinci da kayan shafa kuma ku sani NAFDAC kan nemi shaidar rajistar tambari kafin ta ba da lambarta, don haka gara a fara da wannan.

Masu zuwa Guwanzu su sa a buga musu kaya da sunansu, ku ma da ku nake. Sin ma wanda ya riga rajista shi ne mai suna. In wani ya riga ka rajistar sunanka a can, zai iya sa a tsare kwantenarka tun ba ta bar tashar jirgi ba. OAPI ta shiga tsarin Madrid a 2015, wanda ke ba mai rajista damar faɗaɗa kariyarsa zuwa wasu ƙasashe, har da Sin, ta hanyar buƙata guda. Ka tambayi wakilinka wannan tun ran farko.

Sunan da ba na kowa ba

Ba kowane suna ake ba mutum ɗaya ba. Ba za ka je ka ce a ba ka kalmar "humra" ko "kilishi" ko "shebe" kai kaɗai ba, domin sunan kayan ne, na kowa ne. Ku dubi garin shebe na gyaran gashi da matan Chadi suka gada kaka da kakanni. Yau ana sayar da shi a Legas da Faransa da Amurka, kowane kamfani da tambarinsa a kai. Kalmar ta kowa ce, amma wanda ya ƙara mata nasa suna ya yi rajista, shi ke cin kasuwar. Don haka in za ku raɗa wa kaya suna, ku guji irin su "Mai Kyau" da "Na Asali" da "Lamba Ɗaya". Ku nemi suna da zane da in an gani za a ce na gidan wane ne. Kuma kafin ku buga kwali dubu goma, ku sa a bincika ko wani ya riga ku.

To matan Gaoui fa, da sunan garinsu ne jarinsu? Yarjejeniyar ta tanadi hanya biyu ga irinsu. Akwai tambarin haɗin gwiwa, wanda ƙungiya ke riƙewa, duk 'yar ƙungiyar da ta bi ƙa'idar aiki ta buga shi a gindin tukunyarta. Akwai kuma alamar asalin wuri, wadda ke ɗaure sunan gari da kayan da suka fito daga cikinsa. A 2013 OAPI ta ba da irin wannan ga masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama Macenta na Gini. Daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu. Ita albasar Galmi sai da aka kai ruwa rana, don wani kamfanin iri daga Senegal ya taɓa neman a ba shi haƙƙin irin da wannan suna, mutanen Nijar suka tashi tsaye kafin a janye. Ƙungiyoyinmu na mahauta da masu ɗinkin hula da madugan goro, wannan darasi naku ne. Abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, mutum hamsin za su iya.

Haƙƙin mai zane da mai waƙa

Sai abu na uku, haƙƙin mallakar fasaha. Shi wannan ba ya jiran rajista. Da zarar mutum ya zana, ko ya ɗauki hoto, ko ya rera, ko ya rubuta, haƙƙin ya tabbata a kansa. A Chadi dokar 2003 ce ke kula da shi, har da kayan al'adun gargajiya, hukumar kuma ita ce BUTDRA. A Nijar BNDA ce. A Najeriya akwai sabuwar dokar 2022 da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa.

Ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Ruwa kuwa har wuya. Yaron da ya zana maka tambari a kwamfuta ka ba shi jaka biyar, a idon doka shi ne mai zanen. In babu rubutu tsakaninku, ranar da kasuwa ta buɗe zai iya dawowa da magana, ko ya sayar wa maƙwabcinka irinsa. Takarda shafi ɗaya ta wadatar: ya sa hannu cewa ya miƙa wa kamfani kaza haƙƙin amfani da zanen a kan kaya da talla, a ko'ina, an biya shi kaza, ga shaidu biyu. Haka mai hoto, haka mawaƙin da ya yi muku waƙar talla.

Mu ma mu kiyaye na wasu. Ɗaukar hoton kayan wata a Instagram ki goge sunanta ki sa naki, sata ce ko da ba a kama ki ba. Ɗora waƙar mawaƙin Kano a tallan shagonka na TikTok ba da izininsa ba, cin haƙƙi ne, kuma shafin da kuka sha wahalar tarawa mabiya ana iya rufe shi a kan haka. Mu da muka ga yadda masu gurza faifai suka durƙusar da 'yan fim, bai kamata a same mu a wannan layi ba.

Da sunan wa za a rubuta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar iyali, ita ce kuma ake yi wa riƙon sakainar kashi. Alhaji ba ya son zirga-zirgar ofis, sai ya tura ɗansa mai jin Faransanci. Yaro ya je ya cika takarda da sunansa, ba da mugun nufi ba, don shi ne a wurin. Shekara goma sha biyar, Alhaji ya kwanta dama. Aka zauna rabon gado, aka ƙirga shaguna da motoci da kaya. Sunan da ya tara duk wannan dukiya kuwa, a takarda na mutum ɗaya ne cikin 'ya'ya goma sha biyu. Daga nan zumunci ya fara tsami, 'yan ɗaki kaza ba sa gaida 'yan ɗaki kaza.

In kuna da kamfani mai rajista, irin SARL ɗin nan da yawancinmu ke yi, to a rubuta tambarin da sunan kamfanin. Kamfani a doka mutum ne mai zaman kansa, ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Magada sai su gaji hannun jari, suna ya zauna wuri ɗaya yana yi wa kowa aiki. Tambarin da ke hannun kamfani ana iya sayar da shi, ana iya ba wani izinin amfani da shi a wani gari yana biya, ana iya jinginar da shi. In kuma an riga an yi da sunan mutum, ba a makara ba. A rubuta takardar miƙawa, a kai OAPI ta shigar a littafinta, don sai an shigar take zama hujja a kan wasu.

Ban da wannan, sana'ar da ta Hajiya ce ta Hajiya ce. In ita ta ƙirƙiro haɗin, ita ta raɗa sunan, to a sa sunanta ko na kamfanin da take da kaso a ciki. Kada maigida ya ce ai duk ɗaya ne. Ranar da babu shi, ba ɗaya ba ne. Ƙanin da ka buɗe wa reshe a Garwa ko Abeche da sunan gidanku, shi ma ku rubuta: yana amfani da sunan ne da izini, ga sharaɗi, ga ranar da za a sake dubawa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne da bakin 'yan zuga.

Kafin mu sake haɗuwa

Ga ɗan aikin gida. A daren nan ku ɗauko jakar takardu ku duba, ku da uwargida da babban yaro. Shin akwai takardar tambari, ko ta kamfani ce kawai? In akwai, sunan wa ke kai, kuma yaushe za ta ƙare? Ta rufe ƙasashen da kayanku ke zuwa? Ku tara tsofaffin rasit da kwalaye da hotunan shago masu kwanan wata, ku ɗauki hotonsu ku aika wa wani amintacce a wani gari. Mutanen da suka sauka Gaoui a 2014 za su gaya muku cewa takardar da ke wuri ɗaya, rana ɗaya take tafiya.

Maginiyar tukunya takan yi zanenta tun yumɓu yana ɗanye, don in ya sha wuta ba ya karɓar alama. Ku ma ku yi wa sunanku rajista tun kasuwar tana ƙarama, tun ba wanda ya sa mata ido. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta yarjejeniya tsakanin uban gida da yaron da zai riƙe masa reshe a wata ƙasa. Masu tambaya ƙofa a buɗe take. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.